Mai Jan Labule

Duk wanda ya iya rubuta sunansa a ƙauyenmu, in dai bai haura sittin ba, to Malama Arusyak ce ta riƙe masa hannu. Shekara arba'in da ɗaya ta yi tana koyar da 'yan aji ɗaya a makarantar da ke gindin dutsen Aragats. Gajera ce, siririya, bayanta a miƙe kamar ta haɗiyi tabarya, ga baki sai ka ce reza. Ko a kanti ta ga an rubuta farashin sukari a karkace sai ta nemi alli ta gyara, mai kanti yana tsaye yana sosa ƙeya, mutum da jikokinsa.

Mijinta Onik ya rasu shekara goma sha biyu da suka wuce, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. In wata ta yi gigin tausaya mata, sai ta ɗaga gira ta ce, "Ni? 'Ya'yana sun fi dubu." Ba mai ja da ita. Amma kowa ya san 'ya'ya dubun nan ba su taɓa hura mata murhu ranar sanyi ba.

Mai hura murhun ita ce Hranush, maƙwabciyarta ta hayin rafi. Mace ce mai jiki, hannuwanta jajir saboda wanki da tatsar shanu, in ta yi dariya har a bakin titi ana ji. Kullum da safe za ta shigo da kwanon kindirmo, ta kwashe toka, ta hura wuta, sannan ta wuce wurin sana'arta. Ita ma Malama ce ta koya mata karatu, kamar kowa. Sai dai Malama ta ɗauke ta kamar bangon ɗaki, ana jingina da shi amma ba a gaishe shi. "Ke, kin bar ƙofa a buɗe." "Ke, wannan kindirmon ya yi tsami." Iyakar godiyar ke nan, shekara da shekaru.

A al'adar makarantunmu, in 'yan aji ɗaya suka sauke littafin haruffa, sai a yi musu biki. Kowane yaro a sa masa hular kwali mai ɗauke da harafi ɗaya, ya fito gaban iyaye ya rera 'yan baitocin harafinsa, uwarsa tana share hawaye, ubansa yana yi kamar tari ne ya kama shi. Haruffanmu talatin da tara ne. A shekarar da Malama ta fara aiki, tana budurwa 'yar ashirin da biyu, ajin cike yake maƙil, kowane harafi da mai shi. Ita ta yanka hulunan da hannunta, ta shafa musu ruwan zinariya, ta rubuta sunan kowane yaro a ciki da fensir. Ita ta tsara baitocin ma. Mai duba makarantu ya zo daga gunduma, ya tafa har da miƙewa tsaye. Wannan rana ita ce ranar Malama a duniya, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba.

Daga baya kuwa sai ƙauyen ya fara zubewa. Aka yi girgizar ƙasa, aka yi yaƙi, aka yi shekarun duhu da sanyi, maza suka tafi Rasha neman aiki, mata suka bi su da yara. Yaro ɗaya ya koma ɗaukar harafi biyu, sannan uku. A shekararta ta ƙarshe yara huɗu ne kacal a ajin, suna ta cire hula suna sa wata kamar 'yan tallan huluna. Aka haɗe makarantar da ta ƙauyen gaba, aka ba ta takardar yabo da agogon bango, ta koma gida. Hulunan farko kuwa suna nan cikin akwati a saman kabad, ba ta taɓa barin kowa ya taɓa ba.

Da aka kafa duwatsun haruffa a bakin hanyar Aparan, kowane harafi an sassaƙa shi ya fi mutum tsayi, Malama ta sami wurin zuwa. Baƙi suna zuwa ne su nemi harafin farko na sunansu su rungume shi a ɗauke su hoto. Ita ba haka take yi ba. Sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gaishe su da sunayen yaranta na farko. "Gurgen, ka yi ƙiba. Zaruhi, har yanzu kina tsotsar yatsa? Norayr, miƙe da kyau!" Hranush tana can bakin titi da teburinta na zuma da alewar inabi da gata, wato burodin nan mai zaƙi, tana jin ta. Masu mota suna tambaya ko tsohuwar lafiyarta ƙalau, Hranush ta ce, "Ta fi ku lafiya. Sayi zuma ka wuce."

Bara da kaka likita a Ashtarak ya duba idonta ya gaya mata gaskiya, cewa da wuya ta sake karanta littafi bayan hunturu mai zuwa. Ba ta yi kuka a gabansa ba. A mota ma ba ta yi ba. Amma da ta iso gida ta sauko da akwatin, ta zauna ta yi lissafi. Watan Mayu mai zuwa bikin nan zai cika shekara hamsin cif. Abu ɗaya ta sa a ranta: kafin ido ya rufe, tana so ta ga yaranta na farko, kowa tsaye kusa da dutsensa da hularsa a ka, ko da sau ɗaya ne.

Hunturun nan kaf a bakin taga ta yi shi. Da hantsi, in haske ya yi ƙarfi, sai ta ɗauki madubin ƙara girma ta rubuta wasiƙa ɗaya, wani lokaci rabi. Adireshi kuwa gida gida ta bi tana karɓa wurin tsofaffi: Rostov, Krasnodar, Marseille, wani gari a Amurka da ko masu faɗar sunansa ba su iya ba. Bakwai daga cikin yaran sun riga mu gidan gaskiya. Waɗannan ma ba ta bar su ba, ta rubuta wa 'ya'yansu da ƙannensu cewa a turo wani ya tsaya a madadinsu. Asabar ɗin ƙarshe ta Mayu, ƙarfe sha biyun rana, a wurin duwatsu.

Ranar da ta gama ta miƙa wa Hranush ƙunshin ta kai gidan waya. Hranush ta goge hannu a zani, ta ƙirga ambulan ɗin, ta sake ƙirgawa.

"Shi ke nan, Malama? Babu saura?"

"Haruffa nawa ne, Hranush? Ko sai na mayar da ke aji ɗaya?"

"Talatin da tara."

"To me kike tsaye yi? Za a rufe gidan waya."

Hranush ta sa su cikin jakarta ta fita, ta ja ƙofar a hankali. Ranar dai ba ta bar ta a buɗe ba.

Amsa biyar ta dawo, uku ban haƙuri ne, biyu sun ce in Allah ya yarda. Amma Gurgen ya bugo waya da kansa, Gurgen mai harafin farko, ɗan gaban goshinta, wanda yanzu yake gina benaye a Rostov. Ya ce, "Malama jan," wato Malama abar ƙauna, "ko a ƙafa ne zan zo!" Wannan magana ta riƙe ta wata biyu. Ta gaya wa mai kanti, ta gaya wa limamin coci, ta gaya wa Hranush ya fi sau ashirin.

Ranar ta zo da iska. Serob, mijin Hranush, ya kawo tsohuwar motarsa ƙirar Lada wadda sai an tura take tashi, aka ɗaure tebur a sama. Hranush ta kwana biyu tana girki: naɗin ganyen inabi da nama tukunya guda, cuku, lavash, wato gurasarmu mai faɗi, a naɗe cikin farin ƙyalle, gata kuwa kwando biyu. Malama ta sa baƙar rigarta mai farin wuya, ta rungume akwatin a cinya.

"Malama," in ji Serob yana kokawa da giyar mota, "in duka suka zo ina za mu sa su? Ni fa mutum huɗu motata ke ɗauka, na biyar sai ya sauka ya tura."

"Da motocinsu za su zo. Kai dai dubi hanya, da ma can ba ka iya bin layi ba."

"Ji fa! Shekarata hamsin da biyu a duniya, har yanzu ban tsira ba."

Tun ƙarfe goma suka isa. Ƙanƙara tana nan fara fat a kan Aragats, ciyawa ta yi shar, duwatsun a warwatse a kan tudu, wasu ja wasu ruwan toka. Malama ta buɗe akwatin. Zinariyar ta dushe, kwalin ya yi laushi kamar tsohon zani. Ta bi ta ajiye kowace hula a gindin harafinta, ta danne da tsakuwa saboda iska. Inda idonta ya gaza sai ta shafa dutsen da tafin hannu ta gane shi. Sannan ta dawo ta zauna a kujera ta fuskanci titi, jaka a kan gwiwa.

Sha biyu ta yi. Wata doguwar bas ta tsaya, Malama ta miƙe. Baƙi ne 'yan yawon buɗe ido, suka watsu cikin duwatsu suna ihu suna ɗaukar hoto, suka sayi zuma, suka tafi. Ta zauna. Ƙarfe ɗaya wata baƙar mota mai tsayi ta sauka daga titi, irin ta masu gina benaye. Kai, zuciyar tsohuwar nan! Har jakarta ta faɗi. Ta gyara wuyan riga, ta ɗaure fuska, don ta yi niyyar ta fara yi masa faɗan latti kafin ta rungume shi. Sai wata budurwa ta fito da baƙin tabarau, ta zo tana magana da harshenmu a karye.

"Kaka, don Allah wanne ne nawa? Sunana Azniv. Ni ban iya karantawa ba, a can aka haife ni."

Malama ta kama hannunta ta kai ta gaban harafin farko, inda hular Gurgen take a ƙasa. Ta ɗora yatsan yarinyar a kan dutsen ta bi da shi, sama, ƙasa, lanƙwasa. Yarinyar ta yi dariya, ta ce a ɗauke su hoto tare, ta sumbace ta a kumatu, ta shiga mota. Duka duka minti goma.

Wajen ƙarfe biyu wayar Serob ta yi ƙara. Ya duba, ya dubi matarsa, ya taho yana jan ƙafa. Gurgen ne ya turo saƙon hoto mai motsi. Aiki ya rincaɓe, ba yadda zai yi, yana sumbatar hannuwanta, baɗi in Allah ya kai mu shi zai ɗauki nauyin komai. Malama ta karɓi wayar ta kai ta daf da hanci, ta matsar da ita nesa, ta sake kawowa. Murya dai ta ji. Fuskar kuwa wani fari fari ne kawai yake motsi.

"Ya yi furfura?" ta tambaya.

"Sanƙo ya yi, Malama. Tal, kamar ƙwai."

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙa masa wayarsa ta ce, "Yaro ne mai aiki. Tun yana ƙarami haka yake."

Uku ta wuce, huɗu ta gota. Abinci ya huce a tukunya. Hadari ya taso daga bayan dutse, iska ta ƙara ƙarfi, ta fizge hula ɗaya ta yi gangare da ita. Hranush ta bi ta da gudu, da jikinta da komai, tana haki tana zagin iskar, ta kamo ta a jikin ƙaya. Serob ya ce shi zai je ya duba mota, wanda duk mun san nufinsa ya ba su wuri.

Malama tana zaune, hannuwanta a kan jaka. Kaɗaici ya taɓa kama ta a ɗaki, ta saba da wannan. Amma na yau daban ne, don a fili ya same ta, gaban duwatsu talatin da tara da tebur cike da abinci. Ta ji kunya, ta ji tsufa, ta ji ranta ya yi baƙi ƙirin.

"Ko ɗaya," ta ce, ba da kowa take ba. "Na riƙe hannunsu, na share musu majina. Aji guda cur, ko mutum ɗaya bai zo ba."

Hranush tana tsaye da hular a hannu tana kaɗe mata ƙasa. 

"Ɗaya ta zo, Malama."

"Wa? Yarinyar nan mai tabarau? Ba tawa ba ce."

"Mu arba'in ne a ajin nan."

Malama ta juyo. "Talatin da tara."

"Haruffa ne talatin da tara. Mu arba'in ne. Babana yana kan dutse da tumaki, ba mu sauko ba sai da ƙanƙara ta fara zuba, na shigo aji a makare, kika rubuta ni a ƙarshen rajista. Da aka zo rabon huluna suka ƙare a kan Satenik. Kika dube ni kika ce, ke ki ja labule, aiki ne babba." Ta ɗan yi murmushi. "Innata ta aro mini farar riga a gidan mutane saboda ranar. Ta zauna a layin gaba tun daga farko har aka tashi, tana jira in fito."

Wallahi da mari ta yi mata da ya fi sauƙi.  Malama ta tuno labulen, jan ƙyalle ne da aka aro daga ofishin gona. Ta tuno mai duba makarantu yana tafi. Ta tuno fuskar Gurgen, da ta Zaruhi, har da wanda ya yi fitsari a wando don tsoro. Wanda ya ja labulen kuwa, ta laluba ta laluba ba ta same shi ba. Shekara hamsin ta zama inuwar giginya, na nesa ke sha.

"Da kika ba ni wasiƙun nan na ƙirga sau biyu," in ji Hranush. "Na ce ko tawa ta maƙale a jikin wata. Har matattu kin gayyata, Malama. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. A gidan waya na zauna na yi kukana, mace da jikoki uku."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Wa ke faɗa miki magana?"

Iska tana ta kaɗa farin ƙyallen da aka rufe lavash da shi. Malama ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ƙi. Hranush ta sa hannu ta ɗago ta kamar yadda ta saba, ta riƙe ta a hammata.

"Taso. Tunda an yi girki ai sai a yi biki."

Ta kai ta gaban harafin farko, ta gyara tsayuwa, ta haɗe ƙafafu, ta sa hannuwa a gefe kamar 'yar shekara bakwai, ta ɗaga murya:

"Ni ne na fari, ni ke buɗe ƙofa,
ku biyo ni a hankali, kada a yi tuntuɓe."

Baitin Gurgen ne, ba ta ci ko kalma ɗaya ba. Suka matsa na biyu ta rera na Zaruhi, har da 'yar in'inar da Zaruhi take yi a tsakiya. Na uku, na huɗu. Duk kwanakin da aka yi ana gwaji tana bayan labule da igiya a hannu, ashe ta haddace su kaf. Malama kanta ta manta rabinsu. Tana biye, tana ɗingishi, hawaye yana bin kumatunta ba ta share ba. A kan harafin Norayr, wanda ya tafi yaƙi bai dawo ba, muryar Hranush ta karye, ta tsaya ta haɗiye, ta ci gaba. Yayyafi ya fara sauka suna kan na talatin. Ba su tsaya ba sai da suka kai ƙarshe. Babu mai tafi sai Serob, daga can jikin mota, shi ma sau uku ya yi ya bari don kunya.

Malama ta sunkuya da ƙyar ta ɗauko hular farko ta miƙa mata. "Karɓi. Sa wannan. Ko ki zaɓi duk wadda kike so."

Hranush ta juya hular ta leƙa ciki. "Ta Gurgen ce. Kowace da sunan mai ita, Malama. Ni ba na sa kayan aro, na sa sau ɗaya ya ishe ni." Ta mayar da ita cikin akwati. "Mu tattara, za su jiƙe."

Suka kama hanyar gida. Abincin aka raba wa maƙwabta.

Washegari da hantsi Hranush ta shigo da kwanon kindirmo, ta tarar Malama a bakin taga. Ta yanka kwalin sukari da almakashi, ta lanƙwasa shi ta ɗinke da zare, ya yi faɗin kan babban mutum. Gaban hular babu komai, don babu harafi na arba'in da za a sa. A ciki take ƙoƙarin rubutu, fensir a hannu, madubi a ɗaya hannun, hancinta kusan yana taɓa kwalin. Ta yi harafi uku, sun hau juna, sun gangara ƙasa kamar tumaki a kan tudu.

"Sannu da zuwa, Hranush," ta ce ba ta ɗago ba. "Na gode da kindirmo."

Hranush ta ajiye kwanon. Ta tsaya a bayanta tana kallon sunanta rabi, a rubutun da ko ɗan aji ɗaya ya yi shi sai ya sha faɗa.

"Malama, layinki ya karkace."

"Na sani. Ba na ganin sa."

Hranush ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. Ta ɗora jan hannunta mai kaushi a kan na tsohuwar, ta riƙe shi da fensirin gaba ɗaya, suka ci gaba daga harafi na huɗu.